Lissafin Jigilar Alhazai: Yadda Ake Raba wa Jiragen Sama Aiki



Akwai wata tambaya da ake ji kowace shekara a sansanin alhazai, kuma galibi dattawa ne suka fi yin ta. Mutum ya kwana biyu a kan tabarma, jakarsa a ɗaure, fasfonsa a hannu, ya ɗaga kai ya hangi jirgi a ajiye a fili, ƙato, ba hayaƙi ba alamar rauni, sai ya ce, "To, ga jirgi ga mu, me ya hana a tashi?" Wannan tambaya ce nake so in amsa yau, domin amsarta ilmi ce mai zaman kanta, wadda masana lissafi suka shafe shekaru wajen 70 suna aiki a kanta.

Zan riƙa kawo misali da maniyyatan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, saboda su ne jinkiri ya fi yi wa ciwo a Jihar Katsina. Mutumin cikin birni, in an ce jirgi ba zai tashi yau ba, sai ya koma gida ya ci tuwon dare da iyalinsa. Mutumin Sabuwa kuwa ya riga ya yi tafiyar fiye da kilomita 200 kafin ya ga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya yi sallama da dangi, an yi addu'a an yi kuka, kuma tun wajen 2019 hanyoyin yankin nan sun sha fama da 'yan bindiga, har tafiyar dare ta zama kasada. Ba shi da wurin komawa. Kuɗin kujerar da ya biya, wanda a 2025 ya haura naira miliyan 8, watakila amfanin gonar shekara goma ne, masara da auduga da 'yan shanu. Guzurin da ya ɗaure don Makka, ga shi yana ɓalle shi a Katsina.

Bari in fara da kalmar kanta, tun da sana'ata ke nan. "Jigila" a asalin Hausa ita ce kwasar kaya a kai gaba, a sauke, a komo fayau a kwashi saura. Wanda ya fara kiran wannan aiki jigilar alhazai ya dace ƙwarai, domin haka abin yake. Jirgi ya tashi daga Katsina cike, ya sauke a Madina ko Jidda, ya komo babu kowa a ciki sai ma'aikatansa. Bayan Arfa a juya, ya tafi fayau ya komo cike. Watau kowane alhaji ya hau jirgi sau biyu, amma sawu huɗu ya biya wa mai. Wanda ke mamakin abin da ya sa kujerar Hajji ta fi tikitin ɗan kasuwa tsada, ga ɗaya daga cikin dalilan nan.

Kakanninmu ba su san wannan ba. Su a ƙasa suke bi, ta Barno da Wadai da Darfur zuwa Suwakin, a yi shekaru a hanya, wasu ma su zauna a Sudan ba su komo ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ya yi aikin Hajji a 1921, jirgin ruwa ya bi. Sai a 1925 jiragen sama suka fara sauka a Kano. An kafa Nigeria Airways a 1958, shi ne ya daɗe yana riƙe da wannan aiki kafin ya durƙushe a 2003, kamfanonin 'yan kasuwa irin su Kabo Air na Kano da Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal na Katsina suka shigo ciki, sa'an nan a 2006 aka kafa Hukumar Alhazai ta Ƙasa. Tafiyar da ke cin shekaru ta koma ta awa biyar. Sai dai matsalar madugu ba ta gushe ba. Shi ma yana da dabbobi masu ƙarfi daban-daban, yana da wadda ƙafarta ta yi ciwo tilas a huta da ita, yana da mutanen da ba su iya tafiya dare da rana, yana kuma da zangon da tilas a cim masa kafin ruwan salka ya ƙare.

Zangon nan a yau shi ne ranar rufe filin jirgin Jidda ga mahajjata, wadda bisa al'ada take faɗawa 4 ga Zulhajji. A 2023 kujerun da Saudiyya ta ware wa Nijeriya 95,000 ne. Ku ɗauka cewa dukkan jiragen manya ne irin Boeing 747 da aka shirya wa kujeru 500, kuma kowane ya cika maƙil. Sawu 190 ke nan a cikin mako huɗu ko kusa da haka, daga filaye da dama, wasunsu ba su da tsawon titin da babban jirgi zai tashi da cikakken kaya. A haƙiƙa jiragen ba duka manya ba ne, saboda haka sawun ya fi haka yawa. Kuma ba mu kaɗai ba ne a sararin. Indunusiya da Pakistan da Indiya da Turkiyya duk suna neman sauka a wuri guda a kwanaki guda, shi ya sa hukumar can take ba kowane sawu lokacin saukarsa tun da wuri. In ka kuskure lokacinka, sai ka jira a samo maka wani.

Abu na farko da mai tsara aiki zai yanke shi ne wane irin jirgi zai aika ina. Wannan da sauƙin fahimta. In alhazan da suka rage a Katsina 320 ne, aika musu mai kujeru 500 asarar kujeru 180 ce da aka sha wa mai, aika musu mai kujeru 300 kuwa barin mutum 20 ne a ƙasa, kuma ba wanda zai tashi jirgi don mutum 20. Shi ya sa a ƙarshen jigila kuke jin an haɗa ragowar jiha kaza da ragowar jiha kaza, an ce su hau mota su tafi Kano.

Abu na biyu ya fi wannan zurfi, kuma a nan zan ɗan daɗe. Jirage biyu suna iya zama iri ɗaya, ƙira ɗaya, fenti ɗaya, amma a wurin mai tsara aiki ba ɗaya ba ne, domin kowane yana da littafinsa. Mu a nan mun saba ba a kai mota gareji sai ta tsaya. Jirgin sama kuwa da awa ake kai shi, ko da lafiyarsa lau. Ana ƙidaya awoyin da ya yi a sama, ana ƙidaya sau nawa ya tashi ya sauka, ana ƙidaya kwanaki, duk wanda ya riga cika to shi ne ya yi kira. Akwai dubawar da ake yi kafin kowane tashi da ta kowace rana. Akwai wadda ake kira ta "A", bayan 'yan ɗaruruwan awoyi, tana cin dare guda ko yini. Akwai ta "C", bayan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wadda ke ajiye jirgi makonni. Sa'an nan ga babbar, ta "D", bayan shekara shida zuwa goma, inda ake kwance jirgin kusan ɗungurungum. Manyan jiragenmu sun daɗe ana fitar da su waje don manyan dubawar nan, zuwa Turai ko Gabas ta Tsakiya ko Adis Ababa, inda kamfanin jiragen Habasha yake da babban wurin gyara, kuma da kuɗin waje ake biya, a bi layi.

To, ku duba abin da wannan ke haifarwa. Alal misali, mu ƙaddara cewa dubawar "A" ta wani jirgi tana zuwa duk bayan awa 500. Zuwa da komowa tsakanin Katsina da Hijaz, wajen kilomita 3,500 kowace fuska, awa 10 ne a sama in an ƙididdige a dunƙule. Jirgin da ya shigo jigila da awa 400 a wuyansa, sawu goma kawai ya rage masa. Ɗan'uwansa da ya fito daga duba jiya yana da hamsin. Bugu da ƙari, bai isa a san ranar da awoyin za su cika ba, sai an tabbata cewa a ranar jirgin yana garin da akwai injiniyoyi masu lasisin irinsa, da kayan aiki, da rumfar da zai shiga. In awoyinsa suka cika yana Katsina, alhali ma'aikatan suna Kano ko Jidda, sai dai ya zauna a kawo su. Dattijon nan da ya hango jirgi a ajiye, mai yiwuwa wannan ya gani.

Abu na uku shi ne mutane. Matuƙin jirgi ba kamar direban tasha ba ne da zai sauka daga bas ya hau tirela. Lasisinsa na irin jirgi kaza ne, wanda ya ƙware a 747 ba a ba shi Airbus sai ya koma horo. Ma'aikatan cikin jirgi kuma doka ta ce a ƙalla ɗaya ga kowace kujera 50, watau mai kujeru 500 ba ya tashi da ƙasa da goma, kuma ainihin aikinsu fitar da mutane ne in wuta ta kama, rabon abinci ƙari ne. Duk waɗannan mutane doka ta ƙayyade musu awoyi. Kowace ƙasa da nata adadin, amma sun yi kusa da juna. A ƙa'idar Turai, matuƙa biyu ba su wuce awa 13 a bakin aiki in da safe suka fara, in da dare ne awa 11, sa'an nan su huta a ƙalla awa 12 in a gida suke. Ba su kuma wuce awa 100 a sama cikin kwana 28.

Mu auna wannan da tafiyarmu. Matuƙi ya iso awa ɗaya da rabi kafin tashi, ya yi biyar a sama, uku a ƙasa ana sauke mutane ana shan mai, biyar a komowa. Awa goma sha huɗu da rabi ke nan, an wuce iyaka. Saboda haka ko dai a ƙara matuƙa a cikin jirgin su riƙa karɓar juna, ko a ajiye wata ƙungiya a can tana jira a masauki, duka biyun kuɗi ne. Jirgin da ke yin awa 15 a sama kullum zai tara awa 420 a kwana 28, watau shi kaɗai yana bukatar ƙungiyar matuƙa biyar.

Yanzu ga inda abin yake da ban haushi. Agogon matuƙi yana fara juyawa ne daga sa'ad da ya iso bakin aiki, ko jirgi ya motsa ko bai motsa ba. A ce an shirya tashi, sai aka tarar fasfunan mutum 60 ba su iso ba, ko motocin Faskari sun makara, ko ana ta jayayya a kan nauyin kaya. Awa huɗu ta wuce, har yanzu akwai dama. Awa bakwai ta wuce, an gama komai, kowa ya zauna a kujerarsa, sai matuƙi ya duba agogo ya ga in ya tashi zai sauka bayan iyakarsa. Tilas ya ƙi. In babu wata ƙungiya a kusa, jinkirin awa bakwai ya zama na kusan awa ashirin. Lokacin saukar da aka ba jirgin a Madina ya wuce. Alhazan Sakkwato da aka kira don gobe a kan jirgin nan, su ma sun shiga jira, ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Daren da aka keɓe don duba jirgin shi ma ya gurgusa. Mutane sukan zagi matuƙin, ni kuwa a ganina a ranar shi ne ya fi kowa riƙe amana.

Kun ga ke nan abubuwa ukun nan a ɗaure suke da juna, ba a taɓa ɗaya ba tare da sauran sun motsa ba. Wanda ya taɓa zama gaban malamin zaure ya san wani abu mai kama da wannan, watau hatimi. A hatimi mai gida tara, ana zuba lambobi daga 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace, zai ba da 15. In ka sauya gida ɗaya don ka gyara layin kwance, ka ɓata na tsaye. Ba don ado na kawo wannan ba. Wani malamin ƙasar nan, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda shi ma tafiyar Hajji ce ta fitar da shi daga gida, ya rubuta littafi a 1732 a kan ƙa'idojin gina irin waɗannan hatimai, ya rasu a Alƙahira a 1741. Abin da ya sa aikinsa ya zama ilmi shi ne ya nuna hanya, ba a zauna ana gwada lambobi har a dace ba.

Gwaji kuwa ba ya kai mutum ko'ina a wannan sha'ani. Jirage uku da sawu uku, hanyoyin raba su shida ne, yaro ma ya lissafa. Jirage goma da sawu goma, hanyoyin 3,628,800 ne. In sun kai ashirin, adadin yana da lambobi 19 a jere, tun ba a sa zancen gyara da hutun matuƙa ba. A 1947 wani Ba'amurke masanin lissafi, George Dantzig, wanda ke yi wa mayaƙan saman ƙasarsa aiki, ya fito da dabarar warware irin wannan ƙulli. A taƙaice, ana rubuta abin da ake nema, a ce rage kuɗi ko rage jira, sa'an nan a rubuta kowane sharaɗi a matsayin iyaka: kowane sawu jirgi ɗaya, jirgi ba ya tashi daga garin da bai sauka ba, awoyinsa kada su wuce kaza, matuƙinsa kada ya wuce kaza. Daga nan lissafin ya fara da kowane tsari da bai karya sharaɗi ba, ya riƙa matsawa zuwa wanda ya fi shi, har ya kai inda babu sauran gyara. A 1956 Dantzig da abokin aikinsa Ferguson suka buga nazari a kan raba jirage bisa hanyoyi. Da na'ura mai ƙwaƙwalwa ta yi ƙarfi, manyan kamfanoni suka rungumi abin. Kamfanin Delta na Amurka ya ƙiyasta a 1994 cewa tsarin da ya gina don wannan aiki zai rage masa dala miliyan 300 cikin shekara uku. Duk da haka har yau galibi kashi-kashi ake warware matsalar, a fara da irin jirgi, a bi da zagayen kowane jirgi da dubawarsa, a ƙare da ma'aikata, kuma sau da yawa tsarin da ya yi kyau a mataki na farko shi ke jawo tsada a na uku.

A nan ne nake da ja da masu ɗaukar kalmar "mafi kyau" da ma'anar "mafi arha". In ka ce wa na'ura ta rage kuɗi kawai, za ta ba ka tsarin da babu jirgin da ke hutawa, babu matuƙin da ke zaune, kowane sawu yana manne da na bayansa. A takarda abin gwanin sha'awa. Ran da taya ɗaya ta sace, duk ya rushe. Tsarin kirki shi ne mai rara, jirgi guda a ajiye ko yarjejeniyar aro, ƙungiyar matuƙa da ake biya don ta zauna, 'yan awoyi a tsakanin sawu da sawu. Mai binciken kuɗi zai ga wannan ya kira shi almubazzaranci. Masu iya magana kuwa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma a wannan fage nawa ce mafi sauƙin abin da yakan haifa.

Ranar 11 ga Yuli, 1991, wani jirgi ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi hayarsa don kwaso alhazai da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zai nufi Sakkwato. Bincike ya nuna cewa kwanaki kafin nan an auna an ga iskar wasu tayoyinsa ta yi ƙasa da ƙa'ida. An yi niyyar sauya su, aka fasa, saboda jigilar ta riga ta makara. A safiyar tashin ma an nemi iskar da ake ɗura wa tayoyin jirgi, ba a samu nan kusa ba, aka sallami jirgin haka don kada a ƙara jinkiri. Tayoyi suka fashe yana gudu a kan titi, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun cikin jirgin da wutar a jikinsu. Ya juyo zai sauka, bai kai ba. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya fita. Ba na kawo wannan don tayar da mikin iyalansu ba, Allah ya jiƙansu. Na kawo shi ne domin a ga cewa sharaɗin gyara da sharaɗin lokaci sun yi karo a tsarin da ba shi da rara, aka zaɓi lokaci.

Har ila yau, lissafin bara ba ya yi wa bana aiki. Hajji yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, yana zagaya damina da kaka da hunturu da bazara cikin shekara 33 ko kusa da haka. In ya faɗo a bazara, zafi yana sa iska ta yi sako-sako, jirgi ba ya iya tashi da nauyin da zai ɗauka da sanyi, sai a rage kaya ko a jira dare, daren kuma shi ke gajarta awoyin matuƙi. In ya faɗo a hunturu, hazo yana rufe fili. A watan Janairu na 1973 jirgin alhazai da ya taso daga Jidda zai sauka Ikko, yanayi ya sa aka karkato shi Kano, ya yi hatsari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Ko siyasar maƙwabta tana shiga lissafin. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazanmu suka koma zagaye. Kowane sawu ya ƙara tsawo, ya ƙara shan mai, ya ƙara cin awoyin duba da awoyin matuƙa, duk a lokaci guda, alhali an riga an yanke kuɗin kujera.

Ma'aikatan da ke zaune a nan suna iya cewa wannan duk aikin kamfanin jirgi ne. Rabinsa ne nasa. Mafi gwanintar lissafi yana dogara ne da adadin da aka ba shi, kuma adadin nan daga ofishin jami'in alhazai na ƙaramar hukuma yake fitowa: mutum nawa suka gama biya, nawa bizarsu ta fito, nawa aka yi wa allura, wace tsohuwa ce ba za a raba ta da ɗanta ba. In aka ce wa kamfani akwai mutum 500 a shirye ranar Talata, ya ɗora tsarinsa a kai, sa'an nan aka wayi gari 430 ne, to ko dai jirgi ya tashi da kujeru 70 fayau waɗanda wani zai biya, ko ya tsaya agogon matuƙa yana ci.

Sai kuma hukuncin da ya fi kowane wuya a wurin jami'in, watau yaushe zai kira mutanensa. In ya kira su da wuri, sun cika sansani, ruwa ya yi kaɗan, tsofaffi sun fara rashin lafiya tun ba a tashi ba. In ya jira sai jirgi ya baro Jidda, mutumin Sabuwa ba zai iso ba, tun da jirgin awa biyar ya ishe shi, shi kuwa sai an tara shi daga ƙauyuka, an jira gari ya waye, sa'an nan a kama hanya. Nisan hanya da hanin tafiyar dare su ma sharuɗɗa ne kamar awoyin matuƙi, ana iya rubuta su a cikin lissafin. Abin da na ga ya fi dacewa shi ne a sa na nesa a sawun da ya fi tabbas, watau na farkon zagayen jirgin da bai daɗe da fitowa daga duba ba, kafin jinkiri ya fara taruwa, a kira su kwana ɗaya kafin nan su taho da rana tare da rakiya. Na cikin birni da kewaye, waɗanda za a iya tarawa cikin awa biyu da sanarwar rediyo, su a ajiye su don cike gurbi da kuma sawun ƙarshe-ƙarshe, inda lokaci ya fi yawan gurgusawa.